Zuwa Ga Auta, Kan Ruwan Tiga da Lafiyar Gidanka



Auta, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ya gida, ya Inna, ya maman yara da yaran duka? Ya fama da ban-ruwa? Allah Ya sa a kwashe amfani lafiya, Ya kawo kasuwa mai albarka.

Na zaɓi takarda ne saboda a waya ba ka bari in kai ƙarshen magana. Da na fara sai ka ce, "Yaya, ai ni ƙalau nake," ka sako zancen tsadar taki. Don Allah ka karanta wannan a natse bayan sallar isha'i, in ka gama ka miƙa wa maman yara, domin akwai nata rabon a ciki.

Inna ta gaya mini abu biyu da suka hana ni sukuni. Na farko, babban yaronka yana fitsarin jini tun kafin kaka, kuma da aka yi maka magana ka ce kai ma ka yi, sa'o'inka duk sun yi, in ya girma zai daina. Na biyu, kwanan baya ka dawo daga feshin tumatir da jiri da amai, aka ba ka madara ka kwanta, gari na wayewa ka koma gona. Na daɗe ina aikin jinya, kuma yawancin mutanen karkararmu da ake kawo mana ranga-ranga, da irin waɗannan maganganu suka fara. Ba ganganci ne ya kawo su ba. Sun tashi ne da wani ma'auni guda: in dai mutum ya iya tashi ya tafi gona, to lafiyarsa lau. Wannan ma'aunin nake so in raba ka da shi, domin cututtukan da suka fi yi mana ɓarna a Kura da Bunkure suna barin mutum ya yi ta zuwa gona shekara da shekaru kafin su kayar da shi. Tun 1948 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaya a kan cewa rashin ciwo kaɗai bai isa a kira shi lafiya ba, sai an haɗa da ƙoshin jiki, da kwanciyar hankali, da kyakkyawan zama da jama'a. Ni kuma in zan faɗa maka da bakina, lafiya ita ce ka kai shekara sittin ƙodarka na aiki, idonka na gani, kana iya durƙusawa ka yi dashe in ka ga dama, ba a tara maka kuɗin magani a masallaci.

Ba na zagin ruwan Tiga, kada ka ɗauka haka. Baba yakan ba mu labarin yadda ƙauyukanmu suke kafin a gina madatsar Tiga, wadda aka fara a 1971 aka gama a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Da an gama girbin gero da dawa, maza sai su watse cin rani, a bar mata da tsofaffi. Da ruwa ya gangaro ta Ruwan Kanya ya bi kanal ya ratsa Bunkure da Kura da Garun Malam, sai zance ya juya: mu da muke fita neman aiki, mu ake zuwa nema wa aiki. Alkama, tumatir, albasa, masara, shinkafa har sau biyu a shekara. Injinan casa na Kura da manyan motocin da ke lodi a Kwanar Gafan duk albarkacin ruwan ne. Da kuɗin tumatir Baba ya biya mini makaranta. Amma ruwan da ya hana ƙasa bushewa da rani, ya hana sauro da dodon koɗi mutuwa da rani su ma. Iyayenmu sun karɓi alherin, ba a tsaya an koya musu yadda ake zama da ɗaya ɓangaren ba, mu kuma muka gaji rashin sanin.

Bari in fara da yaron, domin shi ya fi damuna. Abin da yake yi tsargiya ce, kuma ba ta da alaƙa da balaga ko zafin rana ko cin rake. Tsutsa ce. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya fara ganin ta a jikin mutum a Alƙahira a 1851. Ga yadda take yawo: mai ciwon ya yi fitsari a kanal ko a bakinsa, ƙwayayen tsutsar su ƙyanƙyashe a ruwa, su shiga jikin ƙananan dodon koɗin nan da ke maƙale a jikin ciyawa. A can suke hayayyafa na wasu makonni, sannan su fito ruwa dubbai, ido ba ya ganin su, kuma sun fi fitowa da tsakar rana, daidai lokacin da yara ke tsalle suna faɗawa kanal. Ba sai an sha ruwan ba. Ta fata suke shiga, cikin 'yan mintoci. Su bi jini su girma, su je su zauna a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara, su yi ta zuba ƙwai shekaru. Ƙwan da ya huda bangon mafitsara ya fita, shi ne jinin da kuke gani a ƙarshen fitsari. Wanda bai fita ba kuwa, nan yake maƙalewa, jiki ya yi ta yi masa tabo.

Ka lura da wannan da kyau, Auta. Lokacin da jinin ya daina fitowa a idonka, ba lallai ba ne ciwon ya tafi. Sau da yawa tabon ne ya yi kauri. Shi tabon yana iya toshe hanyar da fitsari ke bi daga ƙoda, ƙodar ta kumbura ta lalace a hankali. Yana iya zama sanadin ciwon dajin mafitsara bayan shekaru masu yawa. A jikin mata yana taɓa mahaifa da gaba, ya kawo ciwon mara da zubar jini da wahalar samun ciki, a yi ta shan maganin sanyi a banza, a yi ta zargin juna. Akwai kuma irin da ke zama a jijiyoyin hanji, ya lalata hanta. A wajen yaro, tun kafin a kai nan, jininsa yana raguwa, girmansa yana tsayawa, karatu yana yi masa nauyi. In malaminsa ya ce yana gyangyaɗi a aji, kafin ka ɗauki bulala ka tuna da wannan. Kai ma da ka ce ka yi ka daina, ina so a duba ka.

Maganin tsargiya yana nan, ba tsada gare shi ba, sau da yawa ma kyauta ake rabawa a makarantu. Sunansa Praziquantel, na rubuta maka yadda yake a jikin kwali don ka nuna. Ana auna nauyin yaro ko tsayinsa a ba shi daidai jikinsa, kuma dole ya ci abinci ya ƙoshi kafin ya sha, in ba haka ba zai yi jiri da murɗawar ciki. Na ji an ce lokacin da aka zo rabawa ka hana naka sha. Na san inda tsoron ya samo asali. Mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, kuma ba ni da bakin cewa su manta. Amma wannan magani ba sabo ba ne, ba gwaji ake yi da shi ba. An haura shekara arba'in ana amfani da shi a Masar da Sudan da Sin. Ni da hannuna na ba nawa 'ya'yan duk lokacin da suka dawo hutu daga wajenku aka ga alama.

Sai dai maganin yana kashe tsutsar da ke jiki ne kawai, ba ya hana wata shiga gobe. Nan ne aikinka yake. Na san ba zai yiwu in ce manomin shinkafa kada ya taɓa ruwa ba. Amma akwai shigar dole, akwai ta ganin dama. Wankan yara a kanal da azahar ba dole ba ne. Wankin kaya da wanke-wanke a bakin kanal ba dole ba ne: in an ɗebo ruwan aka ajiye shi a baho ya kwana biyu, ko aka ɗora shi a wuta, tsutsar ta mutu. Dogon takalmin roba lokacin dashe da ban-ruwa yana rage shigarta, ga kariya daga maciji da kwalba. Yaran da kake turawa korar tsuntsayen jan-baki su tsaya a kan kunya, ba cikin fangali ba. Sannan babbar maganar da ba a son faɗa: fitsari da bahaya a bakin ruwa. In babu wanda ya yi fitsari a kanal, zaren ya tsinke, domin dodon koɗi ba ya haifar tsutsar da kansa, daga jikinmu yake samu. Rami ɗaya da zana a gefen gona, nesa da ruwa, ya ishe ka da 'yan ƙwadagonka.

Kada ka ce na ɗora maka komai. Akwai nauyin da ba naka ba ne. Duk inda aka tare kogi aka yi noman rani ba tare da shiri ba, haka ta faru: a Jazira ta Sudan, inda Hausawa da yawa suka yi aikin auduga, a gaɓar tafkin Bolta na Gana bayan madatsar Akosombo, da kuma Richard Toll ta Senegal bayan an gama madatsar Diama a 1986. Japan ma ta yi fama da irin wannan ciwo, kuma ba da wa'azi kaɗai ta rabu da shi ba. Sai da aka shafe magudanan ruwa da siminti, aka yi ta yaƙi da dodon koɗi shekara da shekaru, kafin lardin Yamanashi ya sanar da ƙarshen cutar a 1996. To yashe kanal, da cire kacalla da ke rage gudun ruwa ta ba dodon koɗi mafaka, da samar da rijiyoyin burtsatse, da ajiye magani a ƙananan asibitoci, wannan aikin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ne da gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi. Amma kai ɗan ƙungiyar masu amfani da ruwa ne, kana zuwa taro. Na tabbata kuna tayar da jijiyar wuya a kan rabon ruwa da kuɗin ruwa. Ka tashi wata rana ka ce a sa maganar tsargiya a cikin abin da za a kai gaba. Neman haƙƙinka ma kula da lafiya ne.

Zancen sauro ba zan ja shi ba, ka san shi. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Najeriya suke. Abin da ya bambanta ku da sauran wurare shi ne sauronku ba ya tafiya hutu da rani. Maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, a watannin damina ake bayarwa, ku karɓa ku cika kwanakinsa. Amma gidan sauro a gidanka na shekara ne cur. Wanda aka ba ku don yara, ka cire shi daga kan rainon tumatir ka mayar ɗaki. In zazzaɓi ya zo, a yi gwajin yatsa, minti 20 bai cika ba an san gaskiya, kuma in an fara magani a shanye na kwana uku ko da jiki ya yi daɗi a rana ta biyu. Ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba, ba kuma kowane ne taifot ba, duk da yadda ake saurin faɗa a kemis.

Yanzu kai. Tun da tsutsar nan da kuke kira sharon ta cinye tumatir a 2016, na lura hannun manomanmu ya buɗe da feshi. Wanda ya ga gonarsa ta ƙone cikin kwanaki ba zai so ya sake gani ba, na fahimta. Sai aka koma haɗa magani biyu uku a tanki ɗaya, a ninka awo, a fesa yau a tsinka gobe. Abin da ya same ka ranar nan, jiri da amai, in an haɗa da gumi da dalalar yawu da ƙuncin ƙirji da gani dishi-dishi, alamar dafin maganin ƙwari ce. Irin waɗannan magunguna jijiyoyin ƙwaro suke rikitawa har ya kasa numfashi, kuma jijiyoyinka ba su fi ƙarfinsu ba. Madara ba ta karya wannan dafi, manja ma haka, wasu magungunan ma maiƙo yana ƙara musu saurin shiga jini. Allah ne Ya kiyaye, abin da ya shige ka bai yi yawa ba. In ya sake faruwa da kai ko wani yaron aikinka, a tuɓe kayan nan take, a wanke jiki da sabulu da ruwa mai yawa, kada a sa shi amai da gangan, a tafi babban asibitin Kura ko wanda ya fi kusa, a riƙe kwalbar maganin a hannu, domin da ita likita zai san allurar da za ta yi aiki.

Mafi yawan dafin ta fata yake shiga, ba ta baki ba. Injin feshin goyo da ke yoyo, rigarka ta jiƙe tun daga kafaɗa har ƙugu, ka wuni da ita a rana kana gumi: wannan ita ce babbar ƙofa. Sai dama magani da hannu, da busa bakin injin da baki in ya toshe, da cin goro ko rake a tsakiyar aiki ba a wanke hannu ba. Na san abin da za ka ce, zafin Maris da Afrilu ba ya barin mutum ya rufe jiki. Gaskiya ne, shi ya sa feshi na sassafe ne ko na yamma liƙis, iska tana bayanka, ba na tsakar rana ba. Riga mai dogon hannu da wando da takalmin roba da safar hannu da takunkumi, ka ware su na feshi ne kaɗai, a wanke su daban, kada su haɗu da kayan yara. Ka dinga duba layin launi da ke ƙasan takardar kwalba: ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. A jikin takardar kuma akwai kwanakin da za a jira kafin a tsinki amfani. Wanda ya sayi kwandonka a Kwanar Gafan ya kai Legas, 'ya'yan wani ne za su ci, kuma daga gonar nan ake ɗebar na miyar gidanka. Wannan haƙƙi ne a wuyanka.

Maganin ciyawa mai suna Paraquat kuwa, ina roƙonka ka rabu da shi gaba ɗaya. Ba shi da makari. Kurɓa ɗaya tana iya lalata huhu, mu tsaya muna kallo ba abin da za mu iya. Ƙasashen Tarayyar Turai sun daina amfani da shi tun 2007. Kada kuma a juye kowane magani a robar lemo, kada a ajiye shi a ɗakin da ake kwana ko kusa da hatsi, kada robar da ta ƙare ta zama ta zuba mai ko ruwan sha. A ɗauraye ta sau uku a juye a tankin feshi, a huda ta. Fiya-fiya da ake yayyafawa a ɗaki don sauro, ko a zuba a buhun wake, dafi ɗaya ne da na gona. Saboda yawan ɓarnarsa ne hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper da ire-irensa a kasuwanni a 2019.

Akwai kuma ƙullin ƙwayoyin nan na ciwon jiki da kake aikawa a karɓo maka duk dare, wanda mai kemis ke haɗawa kala-kala a leda. Na ga ledar a aljihun rigarka da na zo Sallah. Yawanci akwai Diclofenac ko Ibuprofen ko ɗan'uwansu a ciki, wani lokaci biyu a haɗe. Magunguna ne masu amfani in likita ya rubuta na 'yan kwanaki. Amma shan su kullum yana cin bangon ciki har ya yi gyambo, yana ɗaga hawan jini, yana kuma rage jinin da ke zuwa ƙoda. Ka haɗa wannan da mutumin da ya wuni a rana yana zubar da gumi bai sha isasshen ruwa ba. A ƙasashen Nikaraguwa da El Salbado, samari masu saran rake sun yi ta mutuwa da ciwon ƙoda ba tare da ciwon suga ko hawan jini ba, kuma bincike ya danganta abin da aiki mai nauyi cikin zafi da ƙarancin ruwa a jiki. Inda aka tanadar musu ruwa da inuwa da hutu a kan lokaci, lahanin ya ragu. Ka tafi gona da jarkar ruwa mai tsafta, ka sha tun kafin ƙishi ya kama ka, ka duba fitsarinka: in ya yi ja kamar shayi, ruwan jikinka ya yi ƙasa. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana dashen ƙoda tun 2002, ana wankin ƙoda a Kano, amma wanki sau biyu ko uku ne a mako, kowane mako. Na ga gidajen da suka sayar da gona a kan haka. Su kuma 'yan ƙwadagon da ke shan tiramol don su yi aikin mutum biyu, kada ka zama mai saya musu, kada ka yi kamar ba ka gani ba. 'Ya'yan mutane ne aka ba ka amana na wuni.

Ka tuna yadda Baba ya faɗi a alwala. Mutum ne da bai taɓa kwana a asibiti ba, kowa na cewa ƙarfe ne. Sai a ranar aka auna jininsa, aka ga abin da ya daɗe yana ɗauke da shi. Hawan jini ba ya sallama, kuma yana bin gida. Ni ina shan maganinsa kullum, ba na jin kunyar faɗa. Ka wuce arba'in, Auta. Ka auna naka, ba sau ɗaya ba, in yana kaiwa 140 bisa 90 ko sama ka ga likita, in an ɗora ka a kan magani kada ka ajiye don ka ji sauƙi. A duba sukarin jininka ma. Gishirin da ya kamata babban mutum ya ci a wuni bai kai giram 5 ba, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, har da wanda ke cikin dunƙulen miya da yajin da kake barbaɗawa. Daddawa tana nan, ba ta daina daɗi ba.

Abin da ke ba ni takaici shi ne kuna zaune a tsakiyar lambun da ke ciyar da rabin ƙasa, amma kwanon gidanka farar shinkafa ce da mai da yaji safe da dare, a kora da lemon kwalba. Mai kyau na kasuwa ne, ragowa na gida. Ka ware fangali ɗaya wanda ba a yi masa feshi barkatai, na alayyafo da kuɓewa da karas da tumatir na gida. Zogale da rama ba sa neman komai. A dawo da tuwon dawa da furar gero da wake cikin mako. Wannan bai kai kuɗin katin wayarka ba.

Maman yara kuma, ke nake wa magana yanzu. Hayaƙin da kike sha wajen turara shinkafa, tukunya bayan tukunya, shi ne tarin da ba ya barin ki. A fitar da murhu fili inda iska ke wucewa, kada a goya jariri a tsaya a kan hayaƙi. In tari ya wuce mako biyu a je a gwada majina, gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Cikin da kike ɗauke da shi kuma, ki fara awo yanzu, kada ki jira ya tsufa. A can za a ba ki maganin ƙarin jini da na kariya daga maleriya, a auna jininki. Auta, kai ne za ka kai ta, kuma kai ne za ka tanadi abin hawa da kuɗin mai tun kafin ranar naƙuda. Katin rigakafin yara a duba ko akwai allurar da aka tsallake. Mashaƙon da ya addabi Kano a 2023 yaran da ba su cika rigakafi ba ya fi kamawa.

Akwai abin da Inna ba ta faɗa ba amma na ji shi a muryarka. Tun da farashin shanshera ya faɗi ka kasa fita daga bashin taki, ba ka barci. Kana kwana ban-ruwa, ka dawo ka kasa runtsawa, abu kaɗan ka hau yara da faɗa. Wannan ma rashin lafiya ne, kuma ba gazawar imani ba ce. Namiji a wajenmu an koya masa ya haɗiye, har abin ya zama hawan jini ko ya fashe a kan iyali. Ka samu wanda ka yarda da shi ka zauna ka faɗa masa adadin bashin da bakinka, ni ko Kawu ko limaminku. Bashin da aka lissafa a fili ana iya tsara biyansa. In rashin barcin da ƙuncin suka ƙi tafiya, akwai likitocin wannan fanni, zuwa wajensu ba hauka ba ne.

Na san amsarka ta ƙarshe, domin ita ce amsar Baba: komai na Allah ne, wanda kwanansa ya ƙare ba likitan da zai tsayar. Haka ne, ban taɓa shakka ba, na rufe idanun mutane da yawa da aka yi musu duk abin da ake iyawa. Amma ban taɓa ganin ka watsa iri ka koma gida ka ce Allah Zai yi ba. Kana gyara kunya, kana bin layin ruwa da tsakar dare, kana zagaya gona kana ɗaga ganye tun kafin tsutsa ta bayyana, sannan ka ɗaga hannu ka roƙi albarka. Tawakkalinka a gona ke nan, kuma shi ne daidai. Irinsa nake nema ka yi wa jikin da aka ba ka amana, da jikin waɗanda ke ƙarƙashinka, waɗanda ba su da ikon kai kansu asibiti sai ka ce a tafi.

Saura kuɗi, wanda shi ne ke sa a yi ta jinkiri har ciwo ya ci ƙarfi. In an yi girbi kana fitar da zakka, kana ware iri, kana ware na bashi. Ka ƙara buhu ɗaya ka sa masa suna na asibiti, a sayar a ajiye kuɗin a hannun maman yara, kada a taɓa shi don biki ko taki. Ka kuma leƙa ofishin hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, KSCHMA, wadda aka kafa da dokar 2016, ka tambayi tsarin da suke da shi na masu sana'ar kansu, ka ji ko zai yi maka.

Ga abin da nake so a yi cikin makon nan. Ranar Talata ina hutu. Ka taho da yaron da ƙannensa biyu masu bin sa kanal, ku iso kafin azahar, domin fitsarin da aka ɗauka tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana ya fi nuna ƙwan tsutsar. Kai ma za a ɗauki naka, a auna jininka, a duba ƙodarka. Ka zo da ledar ƙwayoyin nan da hoton takardar duk maganin da kake fesawa. Kuɗin mota da na gwaji ni zan biya, ban-ruwan ranar kuma ka roƙi maƙwabcin gonarka ya riƙe maka, kai ma ka sha riƙe masa.

Ka gaishe mini da Inna, ka ce mata maganin ƙafarta yana nan zan ba ka ka kai mata. Ka gai da Kawu da mutanen gidansa. Allah Ya sauki maman yara lafiya, Ya raya mana zuri'a.

Wassalam.

Yayarka.